Tsohuwa Mai Jin Yaren Jarirai

Kwana uku da haihuwa, jaririn ƙanwata ya ƙi barci, ya kuma hana kowa runtsawa. A wani gida ne cikin unguwar Bagalam, nan Maraɗi. An ba shi nono ya saki, an canza masa tsumma, an yi masa tofi, kuka sai abin da ya ci gaba. Uwar, da yake haihuwar fari ce, ta zauna bakin gado ta yi tagumi, ita ma hawaye na shirin zubo mata. Da hantsi sai ga Gwaggo ta sauko daga kabu-kabu, tun daga Jiratawa, da ƙullin zogale a hannu.

Ba ta yi gaggawar karɓar yaron ba. Sai da ta wanke hannu, ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta tsaya tana sauraren kukan kamar bakanike mai sauraren inji. Sannan ta ce, "Miƙo min shi nan, ɗiyata. Wanga ba kukan yunwa yake ba, gajiya ce. Kun cika mishi ido da kunne." Ta sa aka kashe rediyo, ƴan barka suka koma tsakar gida. Ta jawo zanen da uwar ta kwana da shi ta lulluɓe shi, ta haɗa hannuwansa a ƙirji, ta ɗora kansa a lanƙwasar hannunta yadda fuskarta ke daf da tasa. Daga nan ta shiga kai da kawowa tsakanin gado da ƙofa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kafin ruwan jego ya tafasa yaro ya yi tsit. Duk da haka ba ta kwantar da shi ba. Ta nemi wuri ta zauna da shi a jikinta, har barcin ya yi nauyi.

Matan gida suka ce Gwaggo tana da hannu. Wasu ma sun raɗa cewa akwai abin da ta taka. Ni kuwa na shekara biyu ina lura da ita da wannan yaro, na gane sana'a ce ke hannunta, mai ƙa'idoji kamar saƙa ko ƙira. Sana'ar ita ce karanta jariri: sanin abin da yake gani, abin da yake ji, da abin da yake faɗa tun bakinsa bai buɗe ba.

Gwaggo ba ta taɓa zama ajin lakwal ba, amma makarantarta ta fi ta kowa yawan darasi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi takan haifi ƴaƴa sama da 8 a rayuwarta. A irin wannan wuri yarinya takan fara goyon ƙaninta tun tana shekara shida ko bakwai. Kafin ta tsufa ta raini ƙanne, ta raini nata, ta raini na kishiya da na maƙwabta, ga jikoki. Mai digiri a fannin ilimin tasowar yara da wuya ya riƙe rabin jariran da suka ratsa hannun irin su Gwaggo.

Mu fara da ido. Akan ce a garuruwanmu jariri ba ya gani sai ya yi arba'in. Masanan Turai da Amurka ma sun daɗe a kan irin wannan zato. A 1890 William James, ɗaya daga cikin iyayen ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ɗauki duniyar jariri tamkar hayaniya ce da ba kai ba gindi. Wanda ya warware zancen shi ne Robert Fantz, a birnin Cleveland, wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya ƙera akwati, a kwantar da jariri a ciki yana kallon sama, a rataya masa hotuna biyu, shi kuma ya leƙa ta wata ƴar kafa yana duba inuwar wane hoto ne ya faɗo a ƙwayar idon yaron, yana ƙirga daƙiƙoƙi. Sai ga shi jarirai, har na kwana biyu da uku, sun fi daɗewa a kan abu mai zane bisa ga fili fetal, sun kuma fi daɗewa a kan zanen fuska. A 1975 wasu masu bincike suka gwada jarirai ƴan mintoci da haihuwa, suka tarar suna juya kai su bi zanen fuskar da aka tsara daidai, fiye da wanda aka hargitsa ido da baki a cikinsa.

Ashe yana gani, sai dai ganin na kusa ne, dishi-dishi. Inda idonsa ya fi kamawa shi ne tazarar santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗoriya. Ka auna daga nono zuwa fuskar mai shayarwa, ka auna daga lanƙwasar hannun Gwaggo zuwa hancinta, za ka samu tazarar ke nan. Shi ya sa ba ta yi wa sabon jariri wasa daga tsaye. Takan sunkuyo har numfashinta ya taɓa goshinsa, ta ɗaga gira, ta buɗe baki, sannan ta matsar da kanta a hankali zuwa dama ta ga ko idonsa zai biyo. In ya biyo ta ce, "Madalla, shina nan tare da mu." Gwajin Fantz ke nan, babu akwati babu agogo. Launuka da gane nisa sai wajen wata uku zuwa biyar suke daidaita, lokacin ne kuma za ka ga ta fara lilo da jan murfin kwano a gabansa don ya kai hannu.

Kunne ya riga ido buɗewa. Tun a watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi yake jin sauti, muryar uwarsa kuwa ta cikin jikinta take isa gare shi. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer suka sa wa jariran da ba su wuce kwana uku ba wata robar tsotso da aka haɗa da na'ura. In yaro ya yi tsotso da wani salo sai a kunna masa muryar uwarsa, in ya canza salo a kunna ta wata mata. Jariran suka gano salon da ke kawo uwarsu, suka riƙe shi. Wanda ake cewa bai san komai ba, ga shi yana aiki don ya ji muryar da ya saba da ita. Idan liman ya yi kiran salla a kunnen jariri, kunne ne mai ji sosai yake yi wa.

Zanen nan da Gwaggo ta jawo shi ma yana da dalili. A 1975 wani likitan yara a Oxford ta Ingila, Aidan Macfarlane, ya ajiye ƙyalle biyu a gefen fuskar jariri, ɗaya daga ƙirjin uwarsa, ɗaya daga na wata mai jego. Jariran da suka kai kwana shida sun fi juyawa wajen na uwarsu. Ɗanɗano ma haka: an tabbatar ƙanshin abin da uwa ta ci, kamar tafarnuwa da karas, yana ratsawa cikin ruwan mahaifa da cikin nono, yaro ya san tukunyar gidansu tun bai kai cokali baki ba. Gwaggo ba ta yarda mai jego ta yi wanka da turare mai ƙarfi a kwanakin farko. Cewa take, "Ki bari ya san warinki tukuna."

Sai goyo, wanda shi ne uwar sana'ar. Duk macen Maraɗi ta iya sunkuyawa, ta cilla yaro baya, ta ja zani ta tamke da majanyi. Gwaninta tana cikin abin da ke biyo baya. Gwaggo da bayanta take sanin zazzaɓi kafin a taɓa goshi. Da bayanta take jin numfashi ya sauya, ta san barci ya zo, ko ta ji ɗan miƙewar nan da ke gaban fitsari, ta sauke shi ta tsugunar kafin ya jiƙa ta. In ya fara ƙorafi ba ta daina daka ko tankaɗe, sai ta sauya rawar jikinta.

A 2013 masu bincike a Japan, ƙarƙashin jagorancin Kumi Kuroda, suka liƙa wa jarirai na'urar auna bugun zuciya. Suka ga da zarar uwa ta miƙe da yaro ta fara tafiya, kuka yakan ragu, wutsil-wutsil ya tsaya, bugun zuciya ya sauka cikin daƙiƙoƙi. Riƙewa a zaune ba ta yin wannan aiki. A 2022 suka ƙara da cewa bayan tafiyar minti biyar, a zauna da yaron minti biyar zuwa takwas kafin a kwantar da shi, in ba haka ba ya farka. Da na karanta wannan sai na tuno Gwaggo zaune a ɗakin Bagalam, ta ƙi sauke yaro kowa na mamaki. Tun kafin nan, a 1986, wani gwaji a Montreal ta Kanada ya nuna jariran da aka ƙara wa sa'o'in ɗauka sun rage kuka da kashi 43 cikin ɗari a mako na shida. A Bogota ta Kolombiya kuwa, ƙarancin kwalaben rainon bakwaini ne ya sa likita Edgar Rey a 1978 ya fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi haka tun daga haihuwa.

Abin da ya fi burge ni a aikin Gwaggo shi ne hira. Yaron yana wata uku ta riga ta maida shi abokin zance. Ta ɗora shi a cinya ta ce, "Angona, ina kuɗin cefane? Ka kwana ka tashi ba ka ba ni ko dala ba." Sai ta yi shiru. Wannan shirun shi ne sirrin. Ta zuba masa ido tana jira, har ya motsa baki ya ce "agu", ta kama haɓa: "Af! Haka ka ce? To na ji, sai ka dawo daga kasuwa." Ta sake yin shiru. In ya kau da kai gefe ba ta bin sa da fuska. Ta san ya gaji, ta bar shi ya huta ya dawo da kansa. Mu da ba mu iya ba, mukan yi ta surutu da cakulkuli har yaro ya fashe da kuka, mu ce ya cika rigima.

Edward Tronick ya nuna nauyin wannan musaya a shekarun 1970 a Boston. Ya sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sannan ta daskarar da fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Yaro ya yi murmushi, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, duk don ya dawo da ita. Da ya ga abin ya faskara sai ya kau da kai, jiki ya yi sanyi, kuka ya biyo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, jariri kuwa ba shi da wani littafi sai fuskar mai riƙe da shi. Duk uwar da ke shayarwa idonta na kan wayar salula, wannan gwaji take maimaitawa ba ta sani ba.

Cikin hirar nan ne Hausa ke shiga kunne. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gano a Kanada cewa jariran gidajen masu Ingilishi, a wata shida zuwa takwas, suna rarrabe sautukan Hindi da na wani yaren ƴan asalin ƙasar, sautukan da iyayensu ba sa jin bambancinsu. A wata goma zuwa sha biyu yawancinsu sun daina. Kunne yakan riƙe abin da yake ji kullum, ya saki saura. Saboda haka ɗan Maraɗi yake raba "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa" ba tare da an koya masa ba, Bafaranshen da ya shekara ashirin a Nijar kuwa yana ta fama. Kowace tsokana ta Gwaggo darasin ƙ da ɗ da ɓ ce, da hawa da saukar murya.

A nan al'adarmu ta yi wata hikima. Kunyar ɗan fari takan ɗaure bakin uwa: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Da ita kaɗai ce gare shi, da ya yi asarar hira. Amma al'adar da ta ɗaure bakin uwa ita ta kwance na kaka, ta ba ta izinin kiran jikanta miji ko kishiya, ta tsokane shi yadda ta ga dama. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa binciken da suka yi kan jarirai 18 na Hausawa a arewacin Najeriya. Sun samu kowane yaro ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma akwai guda da ya fi komawa gare ta, wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi. Ɗa na kowa ne, amma ya san cinyar da yake gudu gare ta.

Yaron yana wata takwas muka je suna Tibiri, garin Sarkin Gobir. Wani kawunsa ya taso da fara'a ya sure shi, yaro ya tsandara ihu kamar an tsikare shi. Uban ya ji nauyi, ya fara ba da haƙuri. Gwaggo ta karɓe shi ta ce, "Malam, kada ka ji komai, ƙiwa hankali ce. Da bai san nashi ba, da bai ƙi baƙo ba." Ta sa kawun ya zauna gefenta, ya daina kallon yaron, su yi ta hirarsu. Yaro na maƙale a jikinta yana satar kallo, ya dubi baƙo ya dubi fuskarta. Kafin a kawo fura ya kai hannu yana jan carbin kawun.

Ƙiwa takan zo ne daidai lokacin da yaro ya fara riƙe abu a zuciya ko ba ya gabansa. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, da ƴaƴansa uku ya yi nazarin wannan. Ya lura ƙaramin jariri in an rufe abin wasansa da ƙyalle sai ya manta da shi, amma wajen wata takwas yakan ɗaga ƙyallen ya nema. Daga baya Renée Baillargeon ta nuna a shekarun 1980 cewa tun wata huɗu ido ya fara sanin haka, hannu ne bai iya nema ba. Wasan da Gwaggo ke yi, ta rufe fuska da mayafi ta ce "Ina nike?" sannan ta yaye, horo ne a kan babban darasi: wanda ya ɓace yana nan, zai kuma dawo.

A Jiratawa na ga wani darasin. Garin yana da filin noman rani na kimanin hekta 500 tun farkon shekarun 1980, magudanan ruwa sun ratsa gonaki. Wata rana muna gefen fili ana tsinkar zogale, yaro ya rarrafa ya nufi bakin magudana. Na yunƙura zan ruga, Gwaggo ta riƙe ni, ita kuwa ta riga ta matsa inda hannunta zai kai shi. Ya isa gaɓa, ya leƙa, ya tsaya, ya waiwayo. Ta zare ido ta tsuke fuska, ta ce "Kul!" sau ɗaya. Ya ja da baya ya zauna. Sai ta saki fuska ta tafa masa.

A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk sun yi irin wannan a Jami'ar Cornell, da tebur mai gilashi wanda rabinsa ke kama da rami. Cikin jarirai 27 da suka motsa, uku kaɗai suka yarda suka rarrafa ta kan ramin. A 1985 James Sorce da abokansa suka rage zurfin ramin yadda yaro zai yi shakka, suka tsai da uwa a ɗaya gefen. Inda uwa ta yi fuskar tsoro, cikin yara 17 ba wanda ya haye. Inda ta yi murmushi, 14 cikin 19 suka haye. Ɗan shekara guda in abu ya shige masa duhu fuska yake tambaya. Gwaggo ba ta ɓarnar wannan fuska. Ba ta zare ido a kan abin da bai kai ba, shi ya sa ranar da ta zare yake ji.

Zama da tafiya ma koyar da su take. Tun wata huɗu take sa yaro cikin kwando ta tokare shi da tsummoki, daga baya ta riƙe hannuwansa ana tatata a tsakar gida. Charles Super ya ga irin wannan horo a 1976 wajen Kipsigis na Kenya, ya kuma samu ƴaƴansu suna riga na Amurka zama da tafiya da kusan wata guda.

Mutanen Maraɗi ba su manta 2005 ba, shekarar da cibiyoyin jinyar tamowa suka cika da yara. Masu aiki a irin waɗannan cibiyoyi sun san yaron da yunwa ta ci yakan daina kallo, ya daina neman wasa, kuma murmushin farko alama ce ta dawowa. Shi ya sa wasa da rarrashi suke cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. A Kingston ta Jamaika an bi wasu yara da rashin abinci ya tsumburar, aka riƙa ziyartar gidajensu kowane mako har shekara biyu ana koya wa uwaye wasa da hira da su. Bayan shekara ashirin, abin da suke samu a sana'a ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kashi 25 cikin ɗari. Abin da aka biya ma'aikata su koyar a can, Gwaggo kyauta take yin sa.

Ba a rasa inda tsofaffinmu suka kuskure ba. Zubar da dakashi asara ce, don shi ne rigakafin farko. Ruwa da bauri da zuma ba su da gurbi a bakin ɗan ƙasa da wata shida, zuma ma sai ya shekara. Cire beli yana jawo zubar jini da cuta. Gwaggo da kanta ta bar waɗannan da ungozomar likita ta yi mata bayani, domin mai lura ba ta gardama da abin da idonta ya gani. Ita ce ma ke fara cewa a tafi likita in yaro ya wuce wata uku bai yi murmushi ba, ko ba ya firgita da ƙara, ko ya kai wata tara bai zauna ba, ko maɗigarsa ta faɗa.

Tsofaffin nan suna ƙarewa, sana'arsu kuwa ba a rubuce take ba. Ke amarya mai ciki, da kai angon da ke jiran suna, in akwai irin Gwaggo a danginku, ku je ku zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin ɗaukar jika. Ku dubi inda take ajiye fuskarta, ku ƙirga tsawon shirun da take yi bayan ta yi magana. In kun koma gida ku ajiye waya, ku sunkuya taƙi ɗaya daga fuskar ɗanku, ku yi masa magana, sannan ku jira ya ba ku amsa.